Agogon Ƙarfe Tara na Kawu

Kawu, ƙanen mahaifiyata, gyaran agogo yake yi. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, yana ƙarƙashin matattakalar wani bene, jikin rumfar mai yankan makulli. Shekararsa ashirin da shida a wurin. Kayan aikinsa tebur ne mai gilashi a sama, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki uku, da durowa mai gida-gida inda yake zuba ƙananan kusoshi da matattun batira. Sai ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a idonsa na dama, wanda ya yi wa fatar wurin zobe, ko ya cire sai ka ga shatinsa.

Kawu bai yarda da kowa ba. Idan ka kawo agogo ka ce haka kawai ya tsaya, sai ya buɗe bayansa, ya shinshina, ya ɗago ya dube ka. "Haka kawai? To wa ya yi masa wanka?" Yana da doka ɗaya da ya koya wurin maigidansa tun yana ɗan shekara sha biyar: idan agogo ya fara shirme, ka nemi abin da ya shige shi daga baya, ka cire, ka zuba ido. Kuma ba a taɓa abu biyu lokaci ɗaya.

Bara ya kwanta. Ya rame har agogon hannunsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Da aka yi gwaji aka samu HIV ce, shi da matarsa, wadda muke kira Anti. Ita da sauran ƙarfinta. Shi kuwa likita ya ce garkuwar jikinsa ta kusa ƙarewa, ya makara ƙwarai. A dangi ni kaɗai na sani, don ni na cike musu takardu. Kawu ya ce ya zaɓe ni ne saboda tun ina ƙarama ba a taɓa jin magana ta fita daga bakina ta je wani gida ba.

An ba shi ƙwaya ɗaya kullum. Akwai wani tsohon agogon tebur mai ƙararrawa biyu da mai shi bai dawo ɗauka ba, sai Kawu ya saita shi ƙarfe tara na safe. Yana bugawa zai juya baya, ya haɗiye, ya juyo. Ofishin da nake aiki a saman benen yake, ƙarar kuma takan biyo matattakala ta same ni a kujerata.

"Mai Agogo," in ji mai makulli, "an tashi 'yan makaranta ne?"

"Gwaji nake yi."

"Wata huɗu kana gwajin agogo ɗaya? Allah ya ji ƙan mai shi, ina jin ya rasu yana jira."

A wata huɗun nan Kawu ya dawo mutum. Kumatu suka ciko, ya koma faɗa da masu kawo agogon jabu. Sai ido ya ɓullo da tasa. Na dama, na aiki. Ya yi ja, hasken fitila yana sukarsa, yana kuma ganin wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo. Na sha saukowa na tarar yana kaɗa hannu a saman tebur, yana korar ƙudajen da babu su.

Kawu ya fara da zargin mai makulli. Ya ce burbushin ƙarfen injinsa ne ke shigar masa ido. Ya rataya labule tsakaninsu, ya jira mako guda. Ba a ga canji ba. Ya koma kan ƙwan fitila, ya ce sabon da ya sayo fari fat ne ke cin idonsa, ya mayar da tsohon. Bayan nan sabulun wanka da Anti ta canza. Ɗaya bayan ɗaya yake bi, yadda yake bin cikin agogo. Na ce mu je asibiti, ya ce, "'Yar jami'a, su da suka ba ni abin za su faɗa mini laifin abin?"

Nan na gane inda zarginsa ya dosa. A watan an ba shi maganin cikin roba mai launi dabam. Mai bayar da magani ya yi masa bayanin cewa kamfani ne kawai ya bambanta, amma ya yi bayanin yana murmushi, Kawu kuwa bai yarda da mai yawan murmushi ba. Ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga robar Anti, ya jera da tasa a ƙarƙashin gilashi, ya juya su da hantsaki.

"Iri ɗaya ne, Kawu," na ce.

"A waje. Agogon jabu ma a waje iri ɗaya ne. In iri ɗaya ne, me ya sa idonta lafiya lau?"



Ranar wata Talata ƙarfe tara ta yi, ban ji ƙararrawa ba. Laraba ma shiru. Da na tambaya sai ya ce sifirin agogon ne ya karye. Na kalli agogon, yana zaune a inda ya saba zama. Kawu ba ya barin mataccen agogo ya kwana a tebur, ko na maƙiyinsa ne. Na kira Anti a waya. Ta ce tana duba robar kullum da yamma in ya dawo da ita, tana raguwa daidai. 

Sai da na yi kwanaki ina saukowa ina komawa, na rasa ta inda zan fara. Wata rana ya tafi sallar azahar ya bar ni a shagon. Na jawo durowar. A gidan matattun batira, cikin ƙananan fararen ƙarafan nan masu kama da maɓalli, ga ƙwayoyin. Goma sha ɗaya.

Na bar durowar a buɗe. Da ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba.

"Na cire sabon abu ne, ina kallo," ya ce. "Har na fara jin sauƙi."

Yana faɗa yana ƙoƙarin kama wata 'yar kusa da hantsaki. Sau uku bakin hantsakin yana sauka a gefenta.

Washegari da safe Anti ta zo shagon, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaida mai makulli, ta ja labulen da Kawu ya rataya, ta zauna a bencin masu jira. Ta fito da tata robar daga jaka ta ajiye a kan gilashin tebur.

"Malam, na ji ana gwaji. To a yi da ni. Daga yau ni ma na daina."

"Ke, ɗauke wannan abin, mutane na wucewa."

"Su wuce. Ka zuba tawa a durowar ma, akwai wuri."

"Ba a taɓa abu biyu lokaci ɗaya!"

"To ka zaɓa," ta ce. "Ko mu sha mu biyu, ko mu bari mu biyu. Ni dai ba zan zauna ina ƙiba ina kallon ka kana komawa yadda na ɗauke ka bara ba."

Ya daɗe yana kallon robar. Sai ya cire gilashin idonsa, ya sa a aljihu, ya ce in nemo mana mota.

Likitar ido mace ce, ba ta da yawan murmushi, hakan ya taimaka. Kafin ya ɗora haɓa a kan na'urarta sai da ya tambaye ta sau nawa take ƙara girman abu. Ta faɗa masa, ya gyaɗa kai. Ta ɗiga masa magani, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ce lokacin da jikinsa ya faɗi, wata ƙwayar cuta ta shiga can cikin idon, ba mai hana ta. Yanzu da garkuwarsa ta farfaɗo, ta tarar da sawun baƙuwar, ta hau faɗa. Kumburin nan faɗan ne. Anti kuwa tata garkuwar ba ta taɓa faɗuwa haka ba, shi ya sa.

"Ashe dai maganin ne," in ji Kawu, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

"Maganin ne ya tashi masu gadin," ta ce. "In ka ci gaba da ɓoye shi, su koma barci, ɓarawon ya cinye idon ya wuce sauran gidan. Faɗan za mu kwantar, ba masu gadin ba."

Ta rubuta maganin ɗigawa, ta sa ranar dawowa, ta kuma tura mu wurin likitansa a ranar, ya ji labarin kwana goma sha ɗayan daga bakin Kawu da kansa.

Jan ya tafi, ƙudajen suka ragu. Amma idon dama bai dawo duka ba, akwai wani dishi-dishi da ya zauna a tsakiyarsa. Kawu ya mayar da gilashin aiki idon hagu. Yana da shekara hamsin da uku ya koma koyon yadda hannu ke bin ido, ya fasa murfin agogo biyu, ya ɗora laifin kan gilasan zamani. Yanzu wani sabon zobe ya fara fitowa a fatar idon hagun.

Har yau duk robar da aka ba shi sai ta bi ta ƙarƙashin gilashi. Anti ma ba ta ƙara yarda da raguwar roba ba, ranar da ba aiki, a gabanta yake haɗiyewa. Ni kuma ƙarfe tara saura minti biyu nakan tsayar da abin da nake yi.

"Mai Agogo," na ji mai makulli yana cewa jiya, bayan ƙarar ta lafa, "ashe sifirin ya warke?"

"Kai dai ka matsar da injin nan," in ji Kawu. "Ban gama da kai ba."