Takalman Masu Fararen Kaya

Ni ne mai laifi, su ba su yi mini komai ba.

Gonata tana gindin wani dutse a hanyar Roni, kuma nan ne masu fararen kaya suke zuwa addu'a. Kiristoci ne daga Kazaure, yawancinsu Yarbawa, amma ibadarsu daban take. Sukan tuɓe takalma a ƙasa, su hau da ƙararrawa da ganga da kwalaben ruwa. Wani lokaci ɗayansu ya faɗi yana makyarkyata, yana magana da wata murya, irin yadda kakata take ba mu labarin hawan bori.

Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan gero ya tasa, zuciyata ta raya mini cewa su ne suka ɗaure sama, suka hana ruwa sauka. Ranar da suka hau, na kwashe takalmansu a buhu na ɓoye, na laɓe bayan kuka in ga ƙarshen abin.

Rana ta take. Dutsen ya yi zafin da ko akuya ba ta hawa. Shugabarsu, wata tsohuwa mai sayar da kwanuka a kasuwa, tana tsaye a kansa, hannuwa sama. Ta yi waƙa da yarensu, sannan ta juya da Hausarta mai gargada: "Ubangiji, dubi geron mutanen nan. Ba su ruwa." Ta yi ta maimaitawa har muryarta ta dishe, ba ta ɗaga ƙafa ba. Ashe gonata take nunawa da hannu.

Da suka sauko ba takalma, samarinsu suka fara faɗa. Ta ce, "Ku yi shiru. Wanda ya ɗauka, Allah ya sa su yi masa daidai." Suka bi cikin ƙarangiya har bakin titi, tana ɗingishi.

Na daɗe ina juya buhun nan. Kunya ta hana ni mayarwa, tsoron Allah ya hana ni zubarwa. Ranar kasuwa na ɗaure shi a babur. Na same ta a rumfarta, ƙafafunta cikin ruwan gishiri.

"Malam, kwano ko tukunya?"

Na durƙusa, na ajiye buhun a gabanta. Na ce, "Mama, ni ne na ɗauka. Na zalunce ku. Ki yafe mini don Allah."