Wasila Mai Doguwar Gaisuwa

A shekarar babbar ambaliya, matasa da dama a Nguru da Gashuwa suka wayi gari da baiwa. Nguveren, 'yar wata nas mutuniyar Binuwai, ta fita shanya sai ta ga kanta a saman darbejiya. Haisam ya ɗaga a-kori-kura da hannu ɗaya don ya ɗauko ƙwallonsa. Ita kuwa Wasila, ƙanwar Haisam kuma aminiyar Nguveren, ta hau turmi ta diro har sau bakwai, abin da ta samu kawai targaɗe.

Baiwar Wasila ɗaya ce, ita ma a gidansu ba a ɗauke ta baiwa ba: gaisuwa. Tun tana 'yar shekara biyar, in aka aike ta sayen gishiri, sai miya ta ƙone kafin ta dawo. Ta gaida Barebari da "wushe", ta gaida Badawa da yarensu, ta tambayi mai shayi tarin da kakarsa ta yi bara. Ina faɗa muku, yarinyar nan ko akuya ta haɗa ido da ita sai ta ji ya kwanan 'ya'yanta.

Wasila na son shiga ƙungiyar jaruman da masu baiwar suka kafa kamar ta mutu. Haisam ya ce, "Ki shigo ki yi me? Ki gaida gobara?" Ta yi dariya a gabansa, ta shiga ɗaki ta sha kuka.

To, jaruman nan ƙarfi gare su, amma ladabi sai a hankali. Wata rana Nguveren ta ɗauko Haisam suka gifta ta saman kan Alhaji Lawal na Dagona, dattijon da kowa ke jin maganarsa, da takalmansu a ƙafa, ba ko sallama. Alhaji ya rantse ba ɗan tashi sama da zai ƙara sauka a garin. Iyaye suka ce in magana ta sake zuwa, an soke jarumtar, kowa ya koma karatu.

Ana nan, ran wata Laraba da hantsi, jingar da ke tare ruwa daga gonakin shinkafar Dagona ta fara tsagewa. Alhaji kuwa yana zaune a kan tabarma daidai bakin hanyar.

Labari ya iso Nguru, jaruman suka rasa yadda za su sauka a garin. "Ku kai ni," in ji Wasila.

Nguveren ta goya ta, ta riƙo Haisam. Wasila ta yi ihu tun daga Nguru, rabi tsoro rabi murna, ɗankwalinta ya tafi Jajimaji shi kaɗai, dole ta ari na Nguveren. Aka sauke ta bayan wata kuka. Ta tuɓe takalma tun daga nesa, ta zo ta durƙusa ta gefen da Alhaji zai juya wa jingar baya.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya? Ya ruwa? Ya iyali?"

A bayansa Haisam ya wuce da buhunan ƙasa ashirin a ka.

Ta tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ta gangaro kan jikoki. Ta tambayi shinkafa, ta tambayi kifi, ta tambayi kwalekwale. Dattijo ba ya yanke gaisuwa, don haka Alhaji ya yi ta "lafiya lau, madalla". Nguveren ta gifta da kututturen giginya, dariya ta taso wa Wasila har wuya, ta haɗiye ta da "sannu dai, Baba". Da mutane suka ƙare ta koma kan agwagi. Da agwagi suka ƙare, ta rasa abin tambaya, sai ta lura da yadda ya miƙe ƙafar hagu.

"Baba, ya ƙafar? Na ga kamar tana damunka in damina ta yi nisa."

Alhaji ya dubi ƙafar. Can ya ce, "'Yata, sun gama?"

Wasila ta sunkuyar da kai.

"Tun buhun farko na ga inuwarsu," in ji shi. "Ni tsoho ne, ba makaho ba. Amma tun da mai ɗakina ta rasu, shekara uku ke nan, ba wanda ya tambaye ni ƙafar nan." Ya share ido da bakin rawani, ya ɗaga murya. "Kai mai buhu! Na yafe. Amma duk ran da za ku zo garin nan, ita za ta fara sauka."

Haisam ya zo da taɓo har kunne, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a bayan ƙanwarsa. Ya buɗe baki, ya rasa ta inda ake farawa.

Wasila ta waiwayo, haƙora duk a waje, hawaye na zuba. Ta ce, "Yaya, ka ce ina kwana. Sauran ka bar mini."