Kwalbar Zarami da Hannun Ya Kaka

Yayana Zarami bai taɓa iya yanke shawara da wuri ba. Tun muna yara a Babura, in aka ce ya zaɓa tsakanin dabino da rake, sai ya tsaya yana jujjuya su har ni in cinye duka biyun. Lissafi ne kaɗai ba ya yi masa gardama, shi ya sa bayan samun 'yancin kai ofishin gona ya ɗauke shi aikin auna ruwan sama. Aikin bai taka kara ya karya ba. Gwangwani ne aka kafa a fili, ruwa ya taru a ciki, da safe ya juye shi a kwalba mai zane-zane ya duba inda ya tsaya. Amma Yaya ya riƙi kwalbar nan kamar ita ke rabon damina.

A gida kuwa akwai mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Ya Kaka har da mu. Ita ba ta san inci ba, ba ta kuma nemi sani ba. A wurinta kowane ruwa da sunansa: akwai yayyafi, akwai mai kwantar da ƙura kawai, akwai ruwan shuka. In an ɗauke ruwa sai ta fita bayan gida ta tona ƙasa da hannu, ta shinshina, ta faɗi sunansa.

Shekara da shekaru musunsu na nishaɗi ne, domin damina na zuwa lafiya, kowa ya bi nasa ya ci tuwo. Yaya kan ce, "Ya Kaka, ruwan shukar nan taki nawa ne? Inci ko a Kano inci ne."

Ita kuma ta ce, "Kwalbarka ta san ko ƙasa ta sha ko ta tofar?"

Sai aka shiga shekarun sauye-sauye. Aka sauya hannun tuƙi, aka sauya kuɗi, shi ma aka sauya masa kwalba. Ruwan da jiya yake inci ɗaya ya wayi gari milimita ashirin da biyar. Ya Kaka ta ce ashe gwamnati ta ƙara mana ruwa. Muka yi dariya, ban da shi. Ya ja ni gefe ya ce, "Mairam, in lamba za ta sauya ruwa bai sauya ba, to me na daɗe ina sani?" Na ce ya bar ni, ina da daka a gabana.

A cikin wannan ruɗani fari ya same mu. Abin da muke ji da shi a gidan shi ne irin geron babanmu marigayi, irin da kakanmu ya taho da shi daga gabas. Gajeren kai gare shi, ba mu san wani mai shi ba, kuma a tulu muke ajiye shi da toka.

Ruwan farko ya sauka, kwalba ta nuna ya isa. Ya Kaka ta tona ta ce na kwantar da ƙura ne. Yaya ya bi kwalba, ya shuka, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Da ruwa ya dawo, kwalba ta nuna kaɗan, Ya Kaka ta ce wannan ne ruwan shuka. Ya bi ta cikin kunya. Shi ma wannan ya ƙone. Iri ya rage cikin ƙwarya ɗaya.

Nan Yaya ya rantse ba zai sake jefa ƙwaya a ƙasa ba sai ranar da kwalba da hannu suka faɗi abu ɗaya. Na yi faɗa har muryata ta dashe. Na ce ruwan da ke sauka a ofis ba shi ke sauka a gonarmu ba, hannun tsohuwa kuma ba ya ganin gobe, ya zaɓi ɗaya ya dogara ga Allah. Ya ce, "Ai shi ne abin da ya dame ni. In kowanne rabi ya sani, wa ke riƙe da sauran?" Kullum aka yi ruwa sai ya zo da lamba, ita ta zo da suna, su kalli juna. Ba su taɓa haɗuwa ba har lokacin shuka ya wuce.

Ya yi niyyar ajiye irin zuwa baɗi. Yunwa ba ta jira baɗi ba. Ranar da 'ya'yansa suka wuni ba a ɗora tukunya ba, matarsa Shatu ta ɗauko ƙwaryar ta juye a turmi, bai hana ta ba. Na ji haushinsa a ranar, na kuma ji tausayinsa, har yau ban san wanne ya fi ba.

Ya ci gaba da aikin har ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi ko ruwan jiya ya isa, sai ya ce bai sani ba, kuma da gaske yake.

Ni dai abin da na kasa mantawa shi ne lokacin da aka miƙo masa kunun da Shatu ta dama da irin nan. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya ɗago ya ce, "Ya Kaka, wannan fa mene ne sunansa?"

Ta ce, "Geron babanka ne, Zarami. Sha, babu saura."