Ranar da muka kai Baba golf na cikin ɗaki a Jos

Ana idar da sallar asuba muka bar Bauchi, ni da ƙanina da ke tuƙi, sai mahaifinmu a kujerar baya ya lulluɓa da bargo. Ce masa muka yi za mu gaida Goggo a Dilimi, cikin Jos. Gaskiya ne, amma da saura. A but ɗin mota na ɓoye tsohuwar sandarsa ta golf, wadda ake gangara ƙwallo cikin rami da ita, shi yana kiranta fota.

Baba haifaffen Jos ne. Ya daɗe yana ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin golf, har ya fi masu jakar iya wasan. Shekara biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya dawo rabi da rabi, likita ya ce sai an riƙa motsa shi, Baba kuwa ya ce shi ya gama. Ko cokali da hagu yake riƙewa. Abin yana ci mini rai, don kullum ina ganin yatsun suna ƙara naɗewa.

Hanya ba laifi har Nabordo, daga nan ruwan Agusta ya cika ramuka, ƙanina yana ta kauce wa ɗaya yana faɗawa biyu. A Magama muka sayi gasasshiyar masara, tsadarta ta sa Baba ya tambayi mai ita ko da nama a ciki. Muna wuce Tilde sanyi ya fara shigowa, ga duwatsu sun yi kore shar, ga kwandunan dankali jere a bakin titi.

Goggo ta tare mu da gwaten acca mai zafi. Bayan azahar muka ce wa Baba a zaga gari, muka bi ta Tudun Wada cikin cunkoson keke mai ƙafa uku, muka tsaya a wani otal da na ji an saka na'urar golf.

Ɗaki ne madaidaici, an shimfiɗa koren kafet, majigi yana haska hoton fili a bango guda. Ka buga ƙwallo a kafet, kyamara ta auna, sai ka ga ta ci gaba da tafiya a hoton. Wata mata ce ke kula da wurin, 'yar asalin Filato, mai fara'a.

"Wannan ai kallon bidiyo ne," in ji Baba, ya nemi kujera.

Ƙanina ya fara, ya yi ta shirme da gangan da kuma ba da gangan ba. Baba ya daure, ya daure, ya kasa. "Kai, haka ake riƙe sanda? Maciji za ka kashe?" Nan na fita na ɗauko fotar na miƙa masa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya karɓa.

Abu na farko, ya cire takalmi. Haka masu ɗaukar jaka suke yi a da, tafin ƙafa ne ke gaya musu inda ƙasa ta karkata. Muka riƙe shi ya durƙusa, ya shafa kafet da tafin hannu, ya ce wurin a miƙe yake. To kafet kam a miƙe yake, gangaren yana cikin hoton, wasu 'yan layukan haske ne ke kwarara hagu suna nuna shi. Ga wata kuma: a zamaninsu babu ciyawa a bakin rami, yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, a ja buhu a kai ya daidaita kafin a buga. Yashi yana riƙe ƙwallo, dole ka sa ƙarfi. Na'urar kuwa an saita ta a kan ciyawa mai santsi. Baba ya buga, ƙwallo ta wuce rami ta yi gaba abinta. Na biyu ma haka.

A na uku ta tsaya kusa da rami, sai muka ji tafi daga lasifika. Matar ta ce, "Baba, ka ci! In ya zo kusa haka, na'ura yana yafe sauran."

"Yafewa?" Fuskarsa ta canza. "'Yata, ba taimako na zo nema ba. Kashe wannan."

Wallahi na ɗauka zai ajiye sandar. Matar ta kashe yafewar, ta ce ko ta rage masa santsin ciyawar. Ya ce a bar shi yadda ake bar wa kowa. Ya mayar da takalminsa, ya daina duban ƙasa, ya tsura wa layukan ido. Ya buga, ƙwallo ta kauce. Ya sake, ta gaza. Gumi yana keto masa a sanyin Jos. Ni kuwa ba hoton nake kallo ba, yatsun dama nake kallo, sun rufe a kan sandar gam. A na takwas ƙwallo ta fita dama, ta lanƙwaso a hankali, ta faɗa ƙwal. Ƙanina ya yi ihu, ni hawaye ne suka zo mini.

Baba ya ce, "Sake sa wani ramin."

Kafin magariba mun shiga Bauchi. Ga mai son zuwa, na'urar ta kwaikwayi santsin ciyawa da gangarenta sosai, sai dai da ido ake karanta su, ƙafa ba ta jin komai. Abin da na ɗauko daga tafiyar kuwa ya fi wannan. Shekara biyu muna yi wa Baba irin na na'urar nan, da ya miƙa hannu mu ƙarasa masa, muna cewa tausayi ne.

Washegari da hantsi na ji ana jan wani abu a tsakar gida. Baba ne, ya binne gwangwanin tumatir a cikin yashi, yana jan buhu a kai da hannun dama, yana haki. Har na taka zan karɓa masa, sai na tsaya, na mayar da hannuna aljihu.