Inna a Garin Gishiri

Inna ta zo London ne don ta yi mini zaman jego, lokacin da na haifi ɗana na biyu. Bizar wata shida aka ba ta. Kafin ta taso na cika mata kunne a waya da wuraren da zan kai ta: kasuwar Peckham, gadar nan da ke darewa biyu jirgi ya wuce, sai kuma teku, don ba ta taɓa ganinsa ba. A Awe aka haife ta, aure ya kai ta Lafiya, kuma duk rayuwarta babban ruwan da ta sani shi ne Binuwai.

Ban daɗe da yin arba'in ba na koma aiki. Ina kula da tsofaffi ne a wani care home a Plumstead, maigidana kuma yana tuƙa bas. Sai Inna ta zama mai raino. Flat ɗinmu a Abbey Wood can sama yake, ita kuwa tana tsoron lift, ba ta shiga sai da wani. Haka take wuni da jariri a baya, tana tsaye bakin taga tana kallon jiragen ƙasa suna shiga suna fita. Ga shi da na kai ta wajen likita an ce jininta ya hau, a rage mata gishiri. Ni kuma ban rage ba, cirewa na yi gaba ɗaya. Nakan ɗebar mata miya a ƙaramar tukunya kafin in sa wa tamu. Tana ci, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, ita ke leƙo ta su yi hira. Wata rana ta tare ni a bakin lift, ta ce da irin Hausarsu, "Mamanka zai koma gida, bai ga komai ba sai window."

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har wurin aiki. Lokacin saura 'yan makonni Inna ta tafi. Wata abokiyar aikina ta ce in kai ta Maldon, wani ƙaramin gari a Essex da tun zamanin da ake dafa gishiri daga ruwan teku. Na ji daɗin shawarar don abu biyu. Inna 'yar garin gishiri ce, sannan wurin ba nisa, za mu iya zuwa mu dawo kafin shift ɗina na yamma.

Ranar tafiyar Inna ta ci ado da atamfar da ta ajiye tun zuwanta, na ɗora mata kot ɗina a sama. Babbar 'yata tana makaranta, Hajiya ta ce za ta ɗauko ta. Na fito da keken jariri, Inna ta ce in mayar.

"Maigidan nawa a bayana zai je," in ji ta. Haka take kiran jikan nata.

Muka hau jirgin Elizabeth line zuwa tashar Liverpool Street, daga nan jirgi zuwa Chelmsford, sannan bas. Da muka bar gine-gine aka fara gonaki, ta manna fuska a gilashi tana tambayata me aka shuka. Ban sani ba.

Garin a kan tudu yake. Muka gangaro a hankali, muna wuce shaguna, kusan kowace taga da 'yan kwalayen gishiri a jere. Da muka iso bakin ruwa sai na tsaya cak. Babu ruwa. Manyan jiragen katako masu jajayen filafilai a naɗe suna zaune a kan laka, wasu sun karkace. Iya ganinka laka ce mai ruwan toka, tana ƙyalli, da wani ɗan siririn rafi can tsakiya, tsuntsaye suna kiwo a gefensa.

"Ina tekun?" Inna ta tambaya.

Wani tsoho Bature da ke zaune a benci da karensa ya ga muna dube-dube. Ya ce mini ruwan ya janye ne, haka yake yi kullum, in muka yi haƙuri da la'asar zai dawo har bakin katangar da muke tsaye. Ban ma san ana duba wannan kafin a zo ba. Na fassara wa Inna, kunya ta rufe ni.

Sai ta yi dariya. "Ashe ya tafi unguwa. To, mun zo ba mu aiko ba."

Muka bi gefen katangar har inda ta ƙare, wurin wata ciyawa mai kauri da ke tsirowa cikin laka. Nan Inna ta ja numfashi, ta sake ja.

"Wannan warin na san shi," ta ce.

Ta duƙa da yaro a baya, ta shafa ƙasar da ta bushe ta yi fari a gefe, ta murza a yatsu. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin rani a Awe tana yarinya, yadda ita da mahaifiyarta ke yayyafa ruwan tafkin gishiri a fili su bari rana ta busar, su share ƙasar su tara, su zuba a tukwane masu huda a gindi, su kwara ruwa ya tsiyaye, sannan a kwana biyu ana dafawa har ya kama. Ta ce hayaƙi kan mai da idonsu jajir, ƙafa ta tsattsage, in ka taka ruwan sai ka ji har ƙwaƙwalwa. Ta ɗage zani kaɗan ta nuna mini wani tabo a ƙaurinta, inda tafasasshen ruwan gishiri ya zubo mata. Na sha ganin tabon ina yarinya, ban taɓa tambaya ba. Tun da ta sauka a ƙasar nan ban ji ta yi magana mai tsawon wannan ba, kuma ban ga fuskarta ta saki haka ba. Ina jin daɗi, ina kuma ganin laifin kaina, don na gane wata da watanni da wannan matar nake zaune a gida ɗaya, ni kuwa abin da nake tambayarta in na dawo bai wuce ko yaro ya sha madara ba.

Ta ce tana so ta ga inda suke dafawa. Muka shiga wani ɗan shago na tambaya. Matar shagon ta ce ba a barin baƙi su shiga wurin aikin, amma ta miƙo mana wani ɗan faranti da gishirin a ciki mu ɗanɗana. Inna ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗaga wajen haske.

"Dubi, kamar rufin ɗan ɗaki," ta ce. Ta ɗora a harshe ta lumshe ido. "Nasu ba shi da ɗaci. Namu ya fi zama a baki."

Ta sake miƙa hannu. Kafin in yi tunani na riƙe wuyan hannunta.

"Inna, jininki fa."

Ta janye hannun a hankali, ta goge yatsun a gefen mayafi. Matar shagon ta kau da kai ta shiga gyara kwalaye. Ƙwaya ɗaya ce, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, kuma a gaban baƙuwa na riƙe hannun uwata kamar na kama yaro zai taɓa wuta.

Na sayo mana kifi da dankali, na ce kada a sa gishiri a nata. Muka zauna a benci muna fuskantar lakar. Ta ɗan tsakura, ta sauke yaron ta ba ni in shayar. Can sai ta nuna da haɓa.

"Ga shi can ya fara tahowa."

Gaskiya ne. Siririn rafin nan ya ɗan yi faɗi, tsuntsayen sun matso.

"Mu jira shi mana, tunda mun riga mun zo," ta ce. Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Na ciro waya na duba lokaci. In muka jira, bas ɗin da zai kai mu jirgi a kan kari zai wuce mu. Ina iya kiran manaja in ce a nemi wata ta riƙe mini shift ɗin. Mutane suna yi kullum, ni ma na sha riƙe wa wasu. Na buɗe lambarta, na tsaya ina kallo. Na tuna satin da ya wuce na makara, ta yi mini wani irin kallo. Sai na mayar da wayar jaka.

"Za mu dawo, Inna. Kafin ki tafi zan duba lokacin ruwa, mu zo musamman."

"To," ta ce. Ta miƙe ta karɓi yaron ta goya.

Da muna hawan tudun ta tsaya sau da yawa. Ta ce gwiwa ce, ta ce zanin goyo ne ya kwance. Duk tsayawar da za ta yi sai ta juya ta dubi baya, amma gidaje sun riga sun tare wurin. A cikin bas ta dafa hannuna ta ce, "Allah ya yi miki albarka, yau na ga gari." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da yammar nan a wurin aiki na zauna gaban wata tsohuwa ina ba ta abinci a baki. Ba ta da sauri, takan riƙe loma tana ba ni labarin ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Na saurare ta har ta gama, ban duba agogo ba, don aikina ke nan. Da na kai kwanon kicin sai na tsaya a bakin famfo na daɗe, har wata ta tambaye ni ko lafiya.

Ba mu koma ba. Yaron ya yi zazzaɓi, sannan aka shiga sayen tsaraba da ɗaure kaya, kwanakin suka ƙare. Inna ba ta tuna mini ba ko sau ɗaya.

Da Inna ta koma Lafiya, labarin ya zama abin dariya. Ƙanena ya ce duk wanda ya zo yi mata sannu da zuwa sai ta ba shi: an kai ta gaida teku, ta tarar ya fita. Mutane su yi ta dariya, ita ma tana yi. In an sa ni a waya ni ma ina taya su.

Shekara ta zagayo na ce zan sake nema mata biza, wannan karon yawo kawai za ta zo, ba raino ba. Ta ce gwiwoyinta ba za su ƙara ɗaukar zaman jirgi ba, gara mu mu zo in Allah ya hore. Na nace, ta sauya magana. Ta tambaya ko maigidan nata ya fara tafiya. Na ce ya fara, har yana buɗe durowar kicin yana zubar da kaya. Ta ce in ɗauko mata shi a bidiyo, amma in bari sai yana tsakiyar ɓarnar.