Hoton Cikin Murfin Adaka

Bana shekara ashirin da rasuwar mahaifina, Malam Garba mai fenti, kuma har yau akwai maganar da ke ba ni kunya idan na tuna shi.

Sana'arsa a unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki, ita ce yi wa adakokin alhazai ado da furanni da kubbobi. Lokacin yaƙin duniya alhazai suka ɗauke ƙafa, aiki ya tsaya. Baba kuwa ba ya iya zaman banza. Sai ya ɗauki adakar innarmu, ya zana mu a cikin murfin, inda ba kowa zai gani ba: Inna zaune, yayata Hajara, da ni da kunnuwana kamar fai-fai, bai rage musu komai ba.

Ina saurayi, ina karatu a masallacin Harami, na kawo wani abokina ɗan manyan gida. Aka bar adakar a buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Mashallah. Wa ya zana wannan, ya Sa'idu?”

Tsoron a ce gidanmu ana zanen mutane yana ciki, amma ba shi ne babba ba. Kunyar hannun Baba nake ji, da fentin da ba ya fita daga faratansa. Na ce wani alhaji Ba'indiye ne. Ashe Baba yana bakin ƙofa da butar shayi. Ya ajiye, ya ce, “Haka ne, yaro. Mutumin kirki ne, ya koma ƙasarsu.”

Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban tayar ba, har muka kai shi makwancinsa.

Yau kowane gida da hoto a ajiye, ba mai ɗaga gira. Da yana raye, na san dariya zai yi, ya ce na'ura ba ta san wanda take ɗauka ba. Adakar tana ɗakin 'yata, jikokina kuma suna kiranta adakar Ba'indiye, domin abin da suka ji ke nan a bakin kowa, har Hajara kafin ta rasu.

Bara na tara su, na ce kakansu ne ya zana. 'Yar tawa ta dube ni da tausayi, ta ce, “Abba, Allah ya jiƙan Kaka, amma ai mai fentin akwati ne.”

Baba bai sa suna a zanen ba. Shaidarsa ɗaya ce ta rage a duniya, ni ne, kuma sun fi yarda da maganata ta farko.