Ɓawon Kafso a Ƙarƙashin Tabarmar Alhaji Mutari

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na tsinci ɓawon kafso a ƙarƙashin tabarmar Alhaji Mutari ba. Lokacin ina majo, wato shugaban masu jinya, a wata ƙaramar likita, wato asibiti, nan Matameye, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Ku sabbin zuwa aikin nan ku saurara da kyau, don ban cika ba da labarin da na sha kunya a cikinsa ba.

Alhaji Mutari dillalin rake ne. Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, ya shekara yana cewa ƙaya ce, har aka kai shi Damagaram, daga can Kano, aka ce ciwon dajin fata ne. Aka yanke wurin, aka ɗora shi a kan wani ƙarin ruwa duk bayan mako uku. Ruwan ba shi ke kashe ciwon ba, garkuwar jikin mutum yake zaburarwa ta yaƙe shi. Namu aikin wankin miki ne Litinin da Alhamis, da sa ido.

Lokotoron Kano, wato doktan da ke duba shi, ya haɗo shi da takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashin magana guda: kada a ba shi antibiyotik, irin kafson nan ja da rawaya, sai da saninsa, in kuma zawo ya kama shi a kira shi a ranar. Da na tambayi dalili a waya, ya ce a hanjin mutum akwai ƙwayoyi masu amfani da ke taya ruwan aiki, kafso kuwa bai san ɗan gida da baƙo ba, duka yake sharewa. Ya ce ba haramun ba ne in akwai dalili, amma shi zai zaɓa. Na ninke takardar na kulle a durowata.

Wata Litinin Alhaji bai zo wankin miki ba. Washegari na hau babur na je gidansa, na tarar da shi kwance a zaure, idanu sun faɗa. Kwana shida ke nan yana zawo.

Na ce, "Alhaji, kwana shida ba ku kira ni ba?"

Ya ce, "Haba Majo, wa ke tayar da gari saboda zawo?"

Na durƙusa zan auna jininsa, sai ga ɓawon kafso a bakin tabarma, rabi ja rabi rawaya. Alhaji ba ya iya haɗiyar kafso, buɗewa yake ya zuba garin a koko. Na tura ɓawon aljihu ban nuna masa ba, don tuni na yanke hukunci. Ƙanensa Habu duk rani Legas yake tafiya yana tallar magani a tire, in ya dawo kuma ya ci gaba a tasha. Gida da mai tiren magani, ga ɓawon kafso, ai biri ya yi kama da mutum.

"Habu ya ba ka wani abu daga tirensa?"

"Wallahi ko ƙwaya ɗaya."

Na ce a raina, ɗan'uwa ne, dole ya rufa masa asiri.

Na fita na kira Kano. Lokotoron ya ce da alama ruwan ne ya kumbura masa hanji, abin da kafso ba ya maganinsa, sai ɓata lokaci. A kawo shi gobe, kuma in gano masa wane magani ya sha, kwana nawa. Ya ƙara da cewa in hanjin ya yi tsanani, za a iya dakatar da ruwan gaba ɗaya. Ruwan nan kuwa shi ne abin da ya rage wa Alhaji.

Ina kashe waya sai ga Habu ya dawo daga masallaci. A ƙofar gida, gaban mutanen unguwa, na zaro ɓawon na ɗaga masa.

"Malam Habu, 'yan Legas ba su ishe ka ba, sai ka haɗa da yayanka?"

Ya dubi ɓawon, ya dube ni. "Majo, ni na kai Yaya Kano. A gabana lokotoro ya yi magana. Tun ranar na fitar da tirena daga gidan nan, yana shagon abokina a tasha."

Ni kuwa na ce a raina, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na faɗa masa in aka tsayar da ruwan nan, alhakin yana wuyansa. Har yau in na tuna kalmar nan sai na ji nauyi.

Hayaniyarmu ce ta fito da Hajiya Rabi, matar Alhaji, zuwa bakin zaure. Ta miƙo mini wani ɗan ƙunshi. "Majo, in wannan kuke wa faɗa, ai naku ne."

Sauran kafso ne, an naɗe su a yagaggen katin awo na likitarmu, an yi masa ninki mai kusurwa uku kamar laya. Mutum ɗaya ne a duniya ke ninke magani haka, Baba Lawali na likitarmu. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Baba Lawali ya fi shekara talatin yana wankin miki a wurinmu, tun ina makarantar firamare. Na koma na same shi yana tafasa almakashi, na ajiye ƙunshin a gabansa. Ko gezau bai yi ba.

"Ni na ba shi ranar Alhamis, daga aljihuna. Majo, babban mutum kamar Alhaji ya ce maka cikinsa na gudu, ka bar shi ya fita hannu rabbana? Tun zamanin majon farko haka muke girmama mutane."

"Baba, lokotoronsa ya hana!"

"Wa ya gaya mini?"

Takardar tana durowata, makullin yana aljihuna. Mutumin da ke taɓa ƙafar Alhaji sau biyu a mako ban taɓa zaunar da shi na karanta masa ba, don a ganina maganar manya ce.

Na sanar da Kano sunan maganin da kwanakin. Aka kwantar da Alhaji, aka ba shi maganin kumburin hanji, ƙarin ruwa ɗaya ya wuce shi, Allah ya sa aka ci gaba da sauran. Ni kuwa na koma ƙofar gidan nan, gaban mutanen nan, na roƙi Habu gafara. Ya ce ba komai, amma ya daina tsayawa mu gaisa.

Da damina mikin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe Alhaji. Wannan karon ƙwayar cuta ce ta gaske, lokotoron da kansa ya faɗi antibiyotik ɗin da za a ba shi da kwanakinsa. Alhaji ya dubi ƙwayar a tafin hannuna ya kawar da kai.

"Majo, ba zan sha ba sai Habu ya ji da kunnensa."

Ni da takardar shaidata a bango, na sake kiran Kano na miƙa wa mai tire wayata. Habu ya saurara har ƙarshe, ya maido mini ba tare da ya dube ni ba.

"Sha, Yaya. Wannan karon an yi tambaya."

Tun daga lokacin duk takardar da ta zo daga manyan likitoci, a ɗakin wankin miki nake karanta ta da Hausa, har mai shara sai ya ji. In kuma kun ga mara lafiya ya sha abin da aka hana shi, ku tambaye shi me ya sha, wa ya ba shi, kada ku sa masa suna a baki. A aikin nan ba mugu kaɗai ke cutar da mutum ba, har da mai son girmama shi, da majon da ya kulle takarda a durowa.